Bayan Zanen Silima

Shafi na 17

Na ga saƙonninku duka, har da na masu fushi. Ɗana ne haƙori ya sa a gaba, ga zawo ga zafin jiki, kuma ba zan riƙe waya da hannu ɗaya in riƙe shi da ɗaya ba. Ya samu sauƙi, alhamdulillahi. Ke da kika ce in Habi ta ƙara kuka kin daina karantawa, kwantar da hankalinki, yau ba ta da lokacin kuka.

Sababbin shigowa: muna Gangara ne, shekara guda bayan an sauke tutar Faransa. An tsare Dogo, mijin Habi, a zauren mai gari, wai shi ya kore bijimin Jaye Bafulatani. Hujjar kawai ita ce an ga sawun mai jan ƙafa a bakin garke, shi kuma Dogo yana jan ƙafa.

*

Tun hantsi Habi ta kasa zama wuri ɗaya. Ta surfa gero ta bar shi a turmi. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta leƙa ƙofar gida, ta dawo, ta sake leƙawa.

Daga kasuwa ana jin ihun yara. Motar silima ta iso, da sabuwar tuta ɗaure a goshinta.

Ita ba motar take jira ba. Gwaggo take jira, ƙanwar uban Dogo, wadda ta kwana Agiye wurin suna. A can aka nuna kashi na biyu na wasan silimar bara jiya.

Jakin Gwaggo bai gama tsayawa ba Habi ta riƙe igiyarsa.

"Gwaggo, kin gani?"

"Bari in sauka dai, 'yar nan."

"Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Da ban gani ba ya fi min. Ba ni ruwa."

Habi ta miƙa mata moɗa tana tsaye a kanta. Gwaggo ta sha, ta wanke fuska da sauran, ta zauna bakin turmi.

Bara da motar ta fara zuwa, wasan wani ɗan sandan ciki aka nuna, Bature mai malfa, har gari ya sa masa suna Mai Malfa. An sace akwatin wata tsohuwa, shi kuma yana bin sawu. Yana durƙusawa yana duban ƙasa, yana auna taku da sandarsa, yana tambayar mutane a hankali. Sawun na mai jan ƙafa ne. Mumuni, mai juya maganar silima zuwa Hausa, ya ɗaga murya a amsa-kuwwa ya ce, "Kamar Dogon Gangara!" Fili ya ɗauki dariya. Wasan ya ƙare Mai Malfa na tsaye kan sawun yana girgiza kai, kamar bai yarda ba.

Wannan girgiza kan Habi ta riƙe shekara guda.

"Ya gano ba mai jan ƙafar ba ne, ko? Gwaggo, ya gano?"

"Ya gano mi? Wa ya tsaya ganowa? Ke wancan na bara mutum ne mai hankali. Wanga kuwa malfar ce dai iri ɗaya, amma kamar an zuba mishi yaji a wando. Ko sau ɗaya bai dubi ƙasa ba."

"To mi yake yi?"

"Duka. Ya shiga ɗaki, duka. Ya fito, duka. Ya hau mota ya bi wata mota, suka faɗa kasuwar mutane suka zubar musu da lemu, ko sannu. Aka hau soro aka yi ta harbi. Ni ban san wa ke bin wa ba. Wata mace ta yi ta ihu tun farko har ƙarshe, ban ji an ce ga abin da aka yi mata ba."

"Akwatin tsohuwar fa?"

"Wace tsohuwa? Sun manta da ita, baiwar Allah."

Habi ta matso kusa da ita.

"Mai jan ƙafar?"

Gwaggo ta kawar da kai wajen rumbu.

"Gwaggo."

"Can kusa da ƙarshe ya kama shi. Ya fasa mishi kujera a baya. Ya yi ta naushi har mutumin ya ɗaga hannu ya amsa."

"Ya amsa don shi ya yi, ko don ya sha duka?"

"Wa ya tambaya? Samarin Agiye tafi suka yi. Da aka tashi na ga biyu sun kama wani kurma mai sayar da igiya suna gwada naushin a kansa, wai wasa."

Habi ta dubi hanyar gidan mai gari. Mai gari ya tafi Gazawa taron sabuwar gwamnati, sai gobe zai dawo ya yi shari'a. Babu kowa a ƙofar zauren sai Mamman dogari, tsohon da ko akuya ba ya iya korewa. Kuma tun jiya Mudi, shugaban samari, yake yawo a kasuwa yana cewa ba sai an jira mai gari ba, silima za ta nuna musu yadda ake yi da ɓarawo.

"Salamu alaikum, masu gida da baƙinsu!"

Chindo ne, ƙanen Habi uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya bayan rasuwar innarsu. Ya shigo da sabuwar malfa a karkace, irin ta Mai Malfa sak.

Tala, ɗiyar Habi mai shekara uku, ta saki ƙwaryar da take wasa da ita ta ruga.

"Kawu! Kawu, yi tahiyar Baba!"

Chindo ya sunkuyar da kafaɗa, ya jefa ƙafa ɗaya, ya jawo ɗayar a ƙasa, shuuu. Yarinyar ta faɗi zaune don dariya. Tun bara yake wannan wasan, a dandali, a bakin rijiya, a gidan biki, kowa ya san shi da shi.

"Chindo!" Habi ta daka masa tsawa. "Ubanta na kulle kana yi min wanga a tsakar gida?"

"Yi haƙuri, Yaya. Ita ta roƙa."

"Ita ta roƙa. Kai ba ka da kai? Ina ka samu malfa?"

"Mumuni ya ba ni. Ni zan riƙe musu sandar zane yau ma, kamar bara." Ya matso ya sassauta murya. "Kar ki damu, Yaya. Gobe mai gari zai sake shi, ba su da shaida. Ke dai kar ki fito yau."

Ya fita. Habi ta ɗauki Tala ta goya, ta ja zane ta ɗaure tam.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo.

"Wurin wanda ya fara."

*

Ta sami Mumuni a inuwar mota yana goge gilashin inji da gefen rigarsa. Ya gan ta, ya yi kamar bai gani ba.

"Malam Mumuni, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu... matar Dogo ce ko?"

"Ashe ka san shi. Na zaci sunan kawai ka tsinta a hanya."

Ya ajiye gilashin.

"Na ji abin da ya faru. Wallahi wasa na yi bara."

"Wasanka na kwance a zaure, sauro na cin shi. Bakinka ya ɗaure min miji, yau bakinka zai kwance shi."

"Ta yaya?"

"Kai ke faɗa muna abin da Turawan ke cewa. Ba wanda ya ji Faransanci a filin ga sai kai da malamin lakol mai koyar da boko. In an zo wurin mai jan ƙafa, ka ce ba shi ba ne."

Mumuni ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ke ba ki ga abin ba. Na bara magana suke yi, ina juyawa, har ina jin daɗin aikina. Wanga mi zan juya? Naushi? Jiya a Agiye rabin wasan 'kai!' da 'wayyo!' kawai na yi ta faɗi, har maƙogwarona ya bushe. Suna kallo da idonsu mutum ya ɗaga hannu ya amsa, ni in ce ba shi ba? Ni za su fara jifa."

"To kar ka nuna."

"Buro, ofishin gwamnati, ya aiko ni. Akwai hoton bikin 'yancin kai a farko, dole kowane gari ya gani."

"Nuna musu bikin ka kashe injinka."

"Mutanen da suka shekara suna jira? Har daga ƙauyuka an zo a kan jakuna. Su ƙone motar gwamnati, wa zai amsa a gaban jandarma, 'yan sandan gwamnati? Ke?"

"In suka karya mishi ɗayar ƙafar, wa zai yi muna noma? Kai?"

Ya ɗauki gilashin ya ci gaba da goge inda ya riga ya goge.

Habi ta gyara goyonta.

"Ka ɓata min miji, ka kuma mai da min ƙane wawa. Har da ba shi malfa."

"Ni? Ina na ga malfar bayarwa? Tawa ma ga ta nan ta huje."

Ta dube shi. Maganar ta tsaya mata a rai kamar ƙaya a zane, amma rana ta yi ƙasa, kuma ba ta kai wa Dogo tuwo ba. Ta juya.

A ƙofar zaure Mamman dogari ya karɓi akushin ya tura ta ƙarƙashin ƙyaure. Muryar Dogo ta fito daga ciki, a dishe.

"Tala ta ci?"

"Ta ci."

"Kar ki je silimar nan, Habi."

"Zan je. In za su taso, ina so in riga su sani."

*

Ana idar da magariba fili ya cika. An kafa sanduna biyu an ɗaure farin zane a tsakani. Maza a gaba, wajen inji. Mata a bayan zanen, kamar yadda aka yi bara, tunda hasken na ratsa zanen kuma ba sai sun cuɗanya da maza ba. Namiji ɗaya ne a ɓangaren mata: Chindo, rungume da sanda don kar iska ta kayar da ita.

"Angon mata ya dawo!" wata ta ce. "Bana har da malfa!"

Aka yi dariya. Habi ba ta yi ba. Ta zauna a bakin tabarma kusa da Gwaggo, takalmanta a ƙafa.

Aka nuna bikin 'yancin kai, aka yi guɗa. Sannan Mai Malfa ya fito, fili ya ɗauki sowa.

Ko gaisuwa bai yi da kowa ba. Ya bankaɗe wata ƙofa da ƙafa ya shaƙe mutumin da ke ciki.

"Ya ce... ya ce kai!" muryar Mumuni ta fito a amsa-kuwwa. "Shi kuma ya ce wayyo!"

Mota ta bi mota. Lemu ya watse. Aka fasa taga, aka fasa wata. Matar nan ta fara ihunta.

"Wai mi aka yi mata?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Haka za ta yi ta yi," in ji Gwaggo. "Ki toshe kunne."

"Ina akwatin?"

"Ki manta da akwati."

Ta ƙarƙashin zane Habi na hango ƙafafun maza. Dattawa sun fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe riguna, tana jin tsakinsu. Amma samari sai matsowa suke. Duk naushi ɗaya sai sun amsa da "Hoo!" kamar masu sussuka. Muryar Mudi ta fi ta kowa.

"Haka ake yi! Ba surutu!"

Sai ga mai jan ƙafa ya fito a zane, yana sauri a wani lungu, yana waige.

"Dogo!" wani ya ƙwala daga gaba. "Ga Dogo nan!"

Habi ta yunƙura. Gwaggo ta danne mata gwiwa.

A daidai nan wani dogon tsoho ya kewayo ta gefen sanda, da sandar kiwo a kafaɗa, zai yanke ta bayan mata ya kama hanyar ruga. Jaye ne, mai bijimin. Bana shi da iyalinsa suka sauka a fadamar Gangara, ko cikin gari bai cika shiga ba. Yana tafe yana magana shi kaɗai.

"Wanga ba bin sawu ba ne. Wanga hauka ne."

Ya ɗaga kai ya dubi zanen ta baya. Ya tsaya cak.

"A'a. To nan ga shi daidai."

Habi ta ture hannun Gwaggo ta tashi. Tun da abin ya faru ba ta taɓa yi wa mutumin nan magana ba, ganinsa ma ba ta son yi. Ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, ina wuni. Ni ce matar wanda aka kulle."

Ya dube ta, ya dubi goyonta.

"Lafiya lau, ɗiyata. Ni ban ce a kulle kowa ba. Ko fuskar mijinki ban sani ba. Na ce na ga sawun mai jan ƙafa, suka ce sun san shi, suka ruga."

"Mi ne ne daidai, Baffa? Yanzu ka ce nan ga shi daidai."

Ya nuna zanen da sanda.

"Na bara a Gidan Sori na gan shi, ta gaba. Yau ma ta gaba na zauna. Ta can mutumin ga hagu yake ja. Na zagayo nan, sai ga shi yana jan dama. Zanen ne ke juya shi. To na bakin garkena irin na nan ne."

Habi ta ɗago kai ta dube shi.

"Dama?"

"Dama. Babban yatsan na shatar ƙasa ta nan." Ya ja layi da sandarsa.

"Ka faɗa musu?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ƙafar Dogo ta hagu ce. Ita ta san ta fiye da kowa. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu shekarar da aka haifi Tala, ita ta riƙa naɗe tsutsar a tsinke kullum da safe, kaɗan-kaɗan, har ta fita ta bar masa jijiya a ƙage.

Hagu. Na silima ma ta gaba hagu. Duk namijin da ke Gangara hagu ya gani.

Wanda ya ja dama a bakin garke ba gurgu ba ne. Koya ya yi. Kuma ta bayan zane ya koya.

Ta bayan zane kuwa mata ne kawai.

Mata, da mai riƙe sanda.

Ta juya a hankali. Chindo na rungume da sandarsa, hasken zane na wasa a fuskarsa. Ba silima yake kallo ba. Ita yake kallo. Ta tuna tsakar gidanta ɗazu, shuuu, da Tala na dariya. Ta tuna wace ƙafa ce ta tayar da ƙasa kusa da turmi: ta dama.

Ta isa gare shi ba ta san ta taka ba.

"Wa ya ba ka malfa?"

"Yaya..."

"Mumuni ya ce ba shi ba ne. Wa ya ba ka?"

"A Maraɗi na saya."

"Da mi?"

Ya ƙara rungume sandar.

"Da mi, Chindo?"

"Wallahi ban yi don a kama shi ba." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce in an ga sawun za a yi dariya a ce na silima ne, a rasa wanda za a kama. Ban zaci za su..."

"Ka zo gidana ka ci tuwona. Ka sa ɗiyarshi dariya da tahiyar."

"Yaya, ki rufa min asiri. Kin ji yadda suke. Kashe ni za su yi. Inna a hannunki ta bar ni."

"Kar ka sa Inna a bakinka."

Wata ƙara ta tashi a zane. An fasa kujerar. Mai jan ƙafa na ƙasa, Mai Malfa na kansa, naushi, naushi, naushi. Mutumin ya ɗaga hannu.

"Ya amsa!" Mudi ya yi kururuwa. "Kun gani? Ya amsa! Namu ma zai amsa! Zaure!"

"Zaure! Zaure!"

Ƙafafu suka tashi gaba ɗaya. Tabarmi na juyewa, yara na kuka.

Habi ta dubi ƙanenta. Ta dubi hanyar gidan mai gari.

"Riƙe sandarka," ta ce. "Kar ka motsa. Kar ka buɗe baki."

Ta kama hannun rigar Jaye, abin da ba ta taɓa yi wa wani namiji ba, ta ɗaga gindin zanen ta kutsa ta ƙarƙashi, tsohon na biye da ita a sunkuye.

Ta fito cikin hasken inji. Inuwarta da goyonta ta hau zanen ta rufe Mai Malfa ɗungum.

"Ke! Mace a gaba?"

"Matar ɓarawon ce!"

Ba ta tsaya ba. Ta ratsa maza ta nufi mota. Mumuni na ganinta ya miƙa mata bakin amsa-kuwwar da kansa, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"KU TSAYA!"

Ita kanta ta tsorata da muryarta. Muryar ta daki katangar masallaci ta dawo. Waɗanda suka kai bakin fili suka waiwayo.

"Mudi, kai nake kira. Za ku je ku doke shi ya amsa. Ni ma in kun doke ni zan amsa, har da satar raƙumi. Tambaya ɗaya zan yi, in kun amsa ku wuce. Wace ƙafa uban ɗiyata yake ja?"

"Hagu!"

"Dama ce!"

"Kai, hagu!"

"Kun shekara kuna yi mishi dariya ba ku san ƙafar ba. To ga mai bijimi. Ba wanda ya tambaye shi, ni na tambaya. Baffa, sawun da ka gani, wace ƙafa?"

Ta kai masa bakin amsa-kuwwar. Jaye ya ja baya kaɗan, ya yi gyaran murya.

"Dama."

Injin kawai ke kuka, a zane ana ta harbi ba mai kallo.

"Ƙarya ne, sun haɗa baki!" in ji Mudi.

"Da mai bijimin zan haɗa baki? A fito da shi ya taka a gabanku. Ba duka. Takawa kawai."

Liman, da ya riga ya kai bakin fili zai tafi gida, ya dawo ya ce a je a zo da shi, kuma duk wanda ya taɓa shi ya taɓa liman.

Aka zo da Dogo, Mamman dogari na riƙe da gefen rigarsa. Mutane suka dare biyu. Mumuni ya karkato injin, hasken ya sauka a kan rairayi.

Dogo ya dubi Habi. Ta gyaɗa masa kai.

Ya taka. Ya jefa dama, ya jawo hagu. Ya jefa dama, ya jawo hagu. Babu wanda ya yi dariya.

Jaye ya durƙusa a kan sawun. Ya daɗe. Ya auna da sandarsa, ya shafa gefen shatar da yatsa, ya matsa gaba ya duba na biyu. Samarin da ke ihu ɗazu suka zagaye shi suna leƙe, har da masu cewa a matsa a ba shi haske.

Daga bayan zane aka ji muryar Gwaggo.

"Yauwa. Wanga shi ne kashi na biyun da muka zo gani."

Jaye ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Ba shi ba ne. Wanga ƙafarshi ciwo gare ta, nauyinshi duk a ɗaya yake. Wancan lafiyarshi lau. Da ya yi nisa da garke ma ya manta, ya ci gaba da tahiya daidai."

Wani dogon numfashi ya ratsa filin. Habi ta dafa motar. Dogo na tsaye cikin haske, ba wanda ke riƙe da rigarsa.

Ya isa haka. Iyakar abin da ta fito yi ke nan. Ta yi niyyar miƙa wa Mumuni abinsa ta ja mijinta su tafi gida, sauran kuma ta san yadda za ta yi da shi gobe, a gaban mai gari, da rana, ba a hannun Mudi ba.

Mudi ya share zufa. Kunya ta mai da shi kamar zakaran da aka jiƙa, kuma yana neman inda zai sauke ta.

"To in ba gurgu ba ne, wani ne ya kwaikwaya. Wa ya iya tahiyar ga a garin nan?"

Habi ta ƙura wa ƙasa ido. Tala na barci a bayanta.

Hayaniyar ta tashi yarinyar. Ta leƙo ta kafaɗar uwarta, ta ga babanta a tsakiyar fili, ta ga mutane sun yi da'ira kamar ranar biki. Bakin amsa-kuwwar na nan a hannun Habi, dab da kafaɗa.

Muryar yarinyar ta fita siririya, ta cika filin har katangar masallaci.

"Saura Kawu! Kawu Chindo, yi tahiyar Baba!"

Habi ta rufe bakin abin da tafin hannu. Ta makara.

Kawuna suka juya wajen zane, ɗaya bayan ɗaya.

Sandar gefen ta karkata. Ta ƙara karkata. Farin zanen ya kumbura da iska, ya zube a kan matan da ke baya, suka fasa ihu.

Babu kowa a gindin sandar. Sai malfa a ƙasa.

Mudi ya taka ya ɗauke ta, ya juya ta a hannu. Sannan ya dubi Habi.

"Matar Dogo. Tun yaushe kika sani?"

Ba Mudi ta kalla ba. Dogo ta kalla, don shi ma amsar yake jira.